Kallo da Ɗaukar Izina a Hanyar Madina zuwa Tabuka

Hanyar mota da ta tashi daga Madina ta yi arewa zuwa Tabuka ta kusa kilomita 700, kuma mafi yawanta hamada ce. Tana ratsa filayen baƙin dutse, ta wuce Haibara da Taima, sannan tana da reshe da ya karkata yamma zuwa Al'ula, inda kufan Hijir yake, wanda aka fi sani da Mada'in Salih. Shekaru aru-aru masu bin wannan yanki fatake ne da mayaƙa da ayarin alhazan Sham, kowa da abin da ya fito da shi, ba wanda ya ɗaure kaya don ya zo kallo. Tun da Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a watan Satumba na 2019, aka kuma sassauta wa masu umara zirga-zirga a cikin ƙasar, sai hanyar ta sami wasu irin matafiya: masu hayar mota su yi kwana da kwanaki suna tsayawa duk inda ido ya ga abin sha'awa. Tambayar da wannan ya taso da ita tsohuwa ce a wajen malamai. Mene ne matsayin tafiyar da ba ta fatauci ba ce, ba ta neman ilimi ba, ba ta sada zumunci ba, sai gani kawai? Kuma shin duk wurin da ido zai iya kallo hukuncinsa ɗaya ne?

Abin da matafiyi yake fara tararwa bayan ya bar Madina shi ne harra, wato shimfiɗar narkakken dutse da ya malala daga duwatsu masu aman wuta ya daskare, baƙi ƙirin, mai kaifi, wanda ko raƙumi ba ya son takawa. A harrar Haibara, kimanin kilomita 150 daga Madina, akwai duwatsu biyu farare tas da suka fito a tsakiyar wannan baƙin fili, ana hango su daga nesa. Ƙasar ba matacciya ba ce: a shekarar 1256, wato 654 bayan hijira, wuta ta ɓarke a harrar da ke kusa da Madina, narkakken dutse ya yi ta gudu makonni har ya doshi garin kafin ya tsaya, malaman zamanin kuma suka rubuta labarin da tsoron da ya kama mutane.

Kallon irin wannan ba shi da wata gardama. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, kuma dubawar iri biyu ce. A Suratul Ankabuti abin da aka ce a duba shi ne yadda aka fari halitta. A Ali Imrana da An'ami da Nahli da Rumu kuwa, ƙarshen al'ummomin da suka ƙaryata manzanni. Suratul Gashiya ta jero abubuwa huɗu da ta nemi a kalla, raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, Ibn Kasir kuma ya lura cewa su ne daidai abin da mutumin ƙauyen Larabawa yake gani idan yana tafe: dabbar da yake kai, da abin da ke samansa, da abin da ke gabansa, da abin da ke ƙarƙashinsa. Ke nan hamada ita ce ajin farko da aka koyar da wannan darasi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u kan ladubban tafiya, inda ya raba ta gida biyu, ta jiki da ta zuciya, ya kuma sanya ganin ayoyin Allah a duwatsu da sarari da tekuna cikin nau'o'in tafiyar neman ilimi. Sai dai ya gindaya sharaɗi: mai kallon ya kasance yana da idon zuci, in ba haka ba ya sha wahalar hanya ne a banza.

Malaman fiƙihu ba su tsaya a nan ba, domin aikinsu hukunci ne, ba wa'azi ba. Inda suka auna darajar tafiyar kallo shi ne babin sallar ƙasaru: wace tafiya ce ta cancanci rangwamen mayar da raka'a huɗu biyu? Hanafiyya suka ce kowace tafiya, muddin ta kai nisan da aka ƙayyade, ko da ta saɓo ce, domin a wajensu rangwamen yana rataye da tafiyar kanta, ba da niyyar mai yin ta ba. Hambaliyya sun ruwaito magana biyu daga Imam Ahmad game da tafiyar shaƙatawa, mazhabar kuma ta tsaya a kan cewa ana yin ƙasaru a cikinta tunda halal ce. A wajen Shafi'iyya, Imam Nawawi ya kawo daga Abu Muhammad Juwaini cewa tafiya don ganin garuruwa kawai ba ta cikin manufofin da ake lura da su, ko da yake malamansu na baya sun bambanta wannan da fita don kawar da gajiya da ƙuncin rai, wadda suka karɓa. Malikiyya, mazhabar da ɗaliban zaure a ƙasar Hausa suka tashi a kanta, ta bi tsakiya. Muhtasar na Halil ya sunnanta ƙasaru ga wanda zai yi tafiyar baridi huɗu, wato sama da kilomita 80 kaɗan, amma ya cire mutum biyu: mai saɓo da tafiyarsa da mai wasa da ita. Masu sharhi suka ce na farko haramun ne ya yi ƙasaru, na biyu makaruhi ne, misalin da suka saba kawowa kuwa shi ne mai farauta don nishaɗi ba don nama ba.

Abin lura a nan shi ne ba wanda ya haramta tafiyar kallo. Abin da wasunsu suka yi shi ne raina nauyinta, kuma suna da dalili. A zamaninsu ƙetare hamada kasada ce da rai: rijiya tana iya ƙafewa, salka ta tsage, iska mai zafi ta kashe ayari, 'yan fashi su tare hanya. Wanda ya jefa kansa da dabbarsa da guzurin iyalinsa cikin wannan don kawai ya ce ya gani, da wuya a kira shi mai hankali. Yau kwalta ce da gidajen mai da mota mai sanyi, nisan da raƙumi yake yi a kwana goma ana cinye shi tsakanin hantsi da azahar. Wani ɓangare na dalilin ya kau, shi ya sa mafi yawan masu fatawa na wannan zamani suke ɗaukar tafiyar shaƙatawa halal mai rangwame, in babu saɓo a cikinta. Hadisin da ya hana ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku ma ba ya shiga nan, domin magana yake a kan tafiyar da ake nufin ibada da neman lada da wurin kansa. Mai zuwa kallon Dutsen Giwa na Al'ula, wani ƙaton dutse da iska da rairayi suka sassaƙe har ya yi kama da giwa mai hanci a ƙasa, ba tubarraki ya je nema ba.

Inda maganar take yin nauyi shi ne Hijir, kimanin kilomita 20 arewa da Al'ula. Wurin yana da sura sukutum da sunansa a Alƙur'ani, kuma a nan ne Musulmi tun farko suka san mazaunin Samudawa, mutanen Annabi Salihu, waɗanda aka siffanta da fafe duwatsu su yi gidaje, suka soke taguwar da aka ba su aya, tsawa ta halaka su. A watan Rajab na shekara ta 9 bayan hijira, daidai da 630, rundunar Tabuka ta biyo ta nan cikin tsananin zafi da ƙarancin guzuri. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa mutane sun ɗebi ruwan rijiyoyin wurin, har sun kwaɓa gari da shi. Annabi (SAW) ya umarce su da su zubar da ruwan, su ba raƙuma kwaɓin, su ɗiba daga rijiyar da taguwar take sha kaɗai. Ya hana su shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai in suna kuka, don kada abin da ya sami waɗancan ya same su. Sannan ya lulluɓe kansa ya gaggauta tafiya har ya fita daga kwarin. Wanda ya san darajar ruwa da gari ga runduna mai ƙishirwa a tsakiyar bazara zai gane cewa wannan umarni ba ƙarami ba ne.

Ayarin alhazai sun riƙe shi ƙarnuka. Ibn Battuta, da ya biyo ayarin Sham a 1326, ya ba da labarin cewa rijiyar Hijir tana da ruwa mai yawa amma ba mai ɗiba duk da ƙishirwar da ake ciki, ya kuma ambaci ɗakunan da aka fafe a jan dutse, da sassaƙar ƙofofinsu kamar jiya aka gama, da ruɓaɓɓun ƙasusuwa a cikinsu. Daga baya Turkawan Usmaniyya suka gina ganuwa a wurin don tsaron zangon alhazai, sannan layin dogon Hijaz, wanda ya isa Madina a 1908, ya kafa tasha a nan. Gine-ginenta suna nan har yanzu. Wato larura ta sa an yi ta sauka a wurin, amma ba a taɓa ɗaukarsa wurin hutawa da nishaɗi ba.

Masu sharhin hadisi sun tsaya a kan sharaɗin kuka, domin kuka ba abu ba ne da ake yi da umarni. Ibn Hajar, a Fathul Bari, ya bayyana cewa abin nufi shi ne tunanin da ke jawo kukan: mutum ya tuna irin ƙarfi da tsawon rai da aka ba waɗannan mutane, da yadda aka kama su. Wanda ya wuce bai yi wannan tunani ba ya yi kama da su a sakaci da ƙeƙashewar zuciya, kuma ba a amince masa wannan hali ya kai shi ga aikinsu ba. Wannan fassara ta warware wata matsala da mai hankali zai iya tayarwa, wato ta yaya azabar wasu za ta sami wanda bai yi laifinsu ba, don kawai ya taka ƙasarsu? Amsar ita ce ba ƙasar ce ke ɗauke da cuta ba. Halin da mutum ya shiga da shi ne abin tsoro. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Nawawi ya faɗaɗa hukuncin zuwa sauran wuraren da azaba ta sauka, ya kawo misali da kwarin Muhassar da ke tsakanin Muzdalifa da Mina, inda ake so alhaji ya ɗaga ƙafa. A kan wannan tushe malaman Saudiyya irin su Ibn Baz da Ibn Usaimin suka ce zuwa Mada'in Salih don shaƙatawa da sha'awar gine-gine bai halatta ba, zuwa don wa'aztuwa kuwa ya halatta.

Sai dai binciken kufai ya shigo da wani zance da magabata ba su sani ba. Abin da masu yawon buɗe ido suke zuwa gani a Hijir, wato manyan fuskokin gini da aka sassaƙa a jikin duwatsu, ba gidaje ba ne, kaburbura ne, kuma ba Samudawa suka yi su ba. Aikin Nabatawa ne, mutanen da hedkwatarsu take Petra a Jodan ta yau, waɗanda suka yi arziki da fataucin turare, Rumawa kuma suka haɗiye daularsu a shekarar 106. Hukumar UNESCO, da ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 2008, na farko a Saudiyya, ta ƙidaya manyan kaburbura 111, guda 94 daga ciki masu ado. Da yawansu suna da rubutu a saman ƙofa mai ɗauke da sunan mai kabarin da shekarar sarautar sarkin da aka yi shi a zamaninsa, kuma kwanakin sun faɗo ne a ƙarni na farko na miladiyya. Garin da rayayyu suka zauna yana fili a tsakiya, da tubalin laka aka gina shi, ya rushe ya koma tuddai. Mafi shaharar kaburburan, Ƙasarul Farid, dutse ne guda tilo a fili da aka fara sassaƙawa daga sama zuwa ƙasa, ba a gama ba. Wanda ya matso kusa zai ga saman sumul, ƙasan kuwa da sawun kurfi ɓaro-ɓaro inda masassaƙa suka ajiye aiki. Annabi Salihu kuwa, bisa jerin da Alƙur'ani ya bayar, ya gabaci Annabi Musa, wato tsakaninsa da waɗannan kaburbura akwai fiye da shekara dubu.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa hanin ya faɗi: tunda abin da ake kallo ba na waɗanda aka halaka ba ne, to kallonsa kamar kallon kowane kufai ne. Maganar tana da rabin gaskiya. Daidai ne cewa ba kowane kango ne wurin azaba ba. Kufan Dadan da ke kusa, da tsohon garin Al'ula mai lunguna da gidajen laka, da rijiyar Haddaj ta Taima, ba wani nassi da ya hana tsayawa a cikinsu, kamar yadda babu shi a kan ganuwar Surame ta Kanta a ƙasar Sakkwato. Daidai ne kuma cewa jagoran da ya nuna kabarin Banabate ya ce ga ɗakin Samudawa ya yi kuskure. Amma hadisin bai rataya hukunci da wani sassaƙe na musamman ba. Da wurin ya rataya shi, da rijiyoyinsa, da kwarin da aka gaggauta fita daga cikinsa, kuma kaburburan Nabatawa suna tsaye a lokacin da rundunar ta wuce. Sunan Hijir yana nan tun kafin Musulunci, domin rubuce-rubucen Nabatawa da na Girkawa da Rumawa da shi suka san shi. Wata al'umma ta zauna a kan kufan wata ba baƙon abu ba ne. Abin da binciken ya gyara shi ne bayanin da ake yi wa baƙo. Bai taɓa asalin hukuncin ba.

Hasali ma rubutun kaburburan yana ƙara wa mai tunani abin tunani. Masu su sun sa an rubuta cewa kabarin nasu ne da zuriyarsu har abada, sun ja tsinuwar gunkinsu Dushara a kan duk wanda ya sayar da shi, ko ya jinginar, ko ya binne bare a ciki, har da tarar kuɗi da za a biya. Takardar mallaka ce da aka rubuta a dutse don kada ta goge. Rubutun bai goge ba, amma zuriyar da gunkin da hukumar da za ta karɓi tarar duk sun shuɗe, ɗakunan kuma wayam suke.

Saura matsala guda, kuma ita ce mafi wuya. Nassi ya ce a yi tafiya a duba ƙarshen waɗanda suka gabata, wani nassin ya nuna a lulluɓe kai a wuce da sauri. In ana so a gani, me ya sa ake gaggawa? Abin da ya fi kusa shi ne cewa gani daban, zama daban. Izina ba ta buƙatar dogon lokaci. Abin da ke buƙatar lokaci shi ne sabo, sabo kuwa shi ke kashe tsoro. Suratus Saffati ta zargi Ƙuraishawa da cewa suna wuce kufan mutanen Annabi Luɗu safe da dare a hanyar fataucinsu ba su hankalta ba, ke nan yawan gani bai amfane su da kome ba. Suratul Hajji kuma ta mayar da makanta ga zukata, ba ga idanu ba. A nan ne sana'ar yawon buɗe ido take karo da ladabin wurin, ba don mugun nufi ba, sai don yanayinta: ribarta tana cikin tsawaita zaman baƙo da faranta masa rai. Tun da aka kafa hukumar raya Al'ula a 2017, yankin ya sami otal-otal da bukukuwan hunturu da kaɗe-kaɗe, a Hijir kuma mota ce ke zagayawa da baƙi daga kabari zuwa kabari, kowa ya sauka ya juya wa dutsen baya ya ɗauki kansa hoto yana murmushi. Ba hoton ne abin zargi ba. Ɗalibin tarihi ma yana ɗauka, kuma mai bincike da mai gadi da direba suna da uzurin aiki irin wanda masu tsaron zangon alhazai suka samu a da. Abin dubawa shi ne wane ne a tsakiyar hoton. Ba kuma za a ce sha'awar gwanintar masassaƙa laifi ce a kanta ba, domin Alƙur'ani da kansa ya ambaci ƙwarewar Samudawa wajen fafe dutse. Ya ambace ta ne don a ga ba ta tsare su ba, mai kallon da ya tsaya a rabin farko bai kai ƙarshen zancen ba.

Daga wannan ne hukunce-hukuncen aiki suka fito, kuma Malikiyya suna cikin masu tsanantawa. Ƙurɗubi, a tafsirin Suratul Hijri, ya kawo daga Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya rasu a 1148, cewa wannan wuri an keɓe shi daga hukuncin da ya mayar da ƙasa duka masallaci da abin tsarki: ba a alwala da ruwansa, ba a taimama da turɓayarsa, ba a salla a cikinsa. Hambaliyya ma sun hana tsarki da ruwan rijiyoyin Samudawa ban da rijiyar taguwa, wadda al'adar mutanen yankin take nunawa a cikin tsohuwar ganuwar Turkawa. An yi saɓani kan ingancin sallar wanda ya riga ya yi alwala da ruwan, domin ruwan ba najasa ba ne, hana amfani da shi aka yi. Ga matafiyin yau abin ya zo da sauƙi, tunda ruwan gora yake sha ba na rijiya ba, zagayen kufan bai wuce awa biyu zuwa uku ba, garin Al'ula kuma da masallatansa yana wajen iyakar Hijir, saboda haka yana iya tsara shigarsa tsakanin salloli biyu, ko ya haɗa azahar da la'asar a matsayinsa na matafiyi kafin ya shiga ko bayan ya fito.